Ƙorafi Kan Robobi Goma na Ɗaki na Huɗu

Daga: Tsohon ɗaurarre mai lamba 4127, wanda ake kira Sakatare
Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Sashen Lafiya na Gidajen Yari
Ranar 9 ga Satumba

Game da: Rage gwajin tarin fuka a gidan yarin da na zauna

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ban girma, ina gabatar da ƙorafina kamar haka:

1. Daga 3 ga Janairu aka daina gwada kowa da kowa, wai kayan gwaji sun yi tsada. Ɗakinmu mai mutum saba'in da ɗaya aka yanka masa robobin karɓar majina don gwaji guda goma a wata. Da yake na gama sakandare, ni gandiroba ya ɗora wa rubuta sunayen masu tari da za a gwada.

2. Duk wanda gwaji ya kama, keɓe shi ake yi, a hana shi ganin 'yan ziyara. Shi ya sa mutane suka koma danne tari cikin bargo. Ofishinku ya ga sunaye sun ragu, ya ce cuta ta yi sauƙi. Ba ta yi ba.

3. Dattijon da ke kwana gefena, Baba Tela, ya roƙe ni kada in sa sunansa, don 'yarsa na zuwa duk Asabar. Wata huɗu ina tsallake shi. Ranar 17 ga Mayu, da hantsi, ya rasu a zaune. Ni na naɗe bargonsa, na ga jinin. Washegari aka miƙa bargon nan ga wani direba da aka kawo.

4. An sallame ni ranar 2 ga Yuli, ba gwaji. Har yau ba na iya bi ta gaban shagon ɗinki. Keke na ƙara, sai in ji tarinsa a ciki.

Ranka ya daɗe, ban san kuɗin roba ɗaya ba. Na dai san an sayi likkafani.

Don haka ina roƙo, cikin ladabi, a gwada duk mutanen Ɗaki na Huɗu, a fara da direban. A daina hana marasa lafiya ganin iyalinsu, ko ta taga ce. Kada a sake ba ɗaurarre alƙalami ya zaɓi wanda za a duba.

Kwana goma ke nan nake danne tari cikin hannun riga, kada mahaifiyata ta ji. Ɗaki ɗaya muke kwana. A wannan karon na rubuta suna: nawa ne.

Allah ya ja zamaninka.

Naka cikin biyayya,
Sakatare, 4127