Telar da Ta Raina Ɗinkin Likita

Jikokina, kafin in buɗe wasiƙar yau, ku ba ni amsar wannan. Wani yadi ne, ba a sayar da shi a kowace kasuwa, kowa da nasa ya zo. In an yanka shi a ɗinke, amma mai ɗinkin rabin aiki kawai yake yi, ya wanke hannu ya tafi gida, yadin ya ƙarasa sauran da kansa. Mene ne? Kar wanda ya leƙa ƙasa, ina ganinku. Ga wasiƙar.

Kaka, don Allah ki taimake ni. Ina cikin wani hali, kuma duk wanda zan gaya wa, ko ya yi mini dariya ko ya ce Allah ya ƙara.

Ni tela ce, na fi shekara ashirin a kan keke. 'Ya'yana huɗu, autar ma ta shiga makaranta. Tun ina budurwa Allah ya yi ni da ƙirji, da na yi shayarwa kuwa abin ya zama kaya. Igiyar rigar mama ta yi mini rami a kafaɗa har yatsa na shigewa. In na daɗe a duƙe kan keke, wuyana da bayana kamar an ɗora mini buhu. Lokacin zafi ƙasan nonon ya yi ta ƙuraje yana saɓulewa, hoda kam na sha ƙarar da ita. Ni da ke ɗinka wa mata kaya su fito tsaf, tawa rigar sai na yanka samanta da awon mutum biyu, ƙasanta da na mutum ɗaya. Akwai ranar da na birkita shago ina neman almakashi, ashe yana kan tebur a ƙarƙashin nonon nan.

Bayan doguwar shawara da maigida, aka yi mini aikin rage nono, yau wata guda da 'yan kwanaki. Likitar ta yi mini bayani tun kafin ranar. Ta ce za a yanka a kewaye baƙin kan nono, a sauko da layi ɗaya miƙe zuwa ƙasa, tabon ya fito kamar ludayi da mariƙinsa, ba za a yi dogon yankan nan da ke bin ƙarƙashin nono daga gefe zuwa gefe ba. Kan nonon ba a cire shi, ana barinsa manne da naman da ke kai masa jini, a ɗaga shi sama, a ɗebe nama daga ƙasa, a haɗe gefe biyun. Ranar aikin ta tsayar da ni, ta ɗauko tef da alƙalami ta zana ni yadda nake zana yadi da alli, har na ce a raina wannan ai 'yar sana'armu ce.

Gaskiya nauyin ya tafi. Ina jan numfashi har ƙasan ciki. Ina tsaye na hango yatsun ƙafata, rabona da su tun kafin aure.

Amma Kaka, da aka cire bandeji na tsaya gaban madubi, sai na ga abin da ban zata ba. Ƙasan ɗinkin nan duk tattara ce, ta cukurkuɗe kamar bakin jakar da aka ja zarenta. Ko mai koyo ta kawo mini irin wannan sai ta farke ta sake. Nonon kuma sun haye sama sun tsaya ƙiƙam, ƙasansu a shafe, na dama ya ɗan fi na hagu, kan na hagun ma ba na jinsa sosai. Likitar ta ce zai kwanta. To Kaka, ai ni ma haka nake ce wa mai kaya in na ɓata mata wuyan riga, in an wanke zai zauna. Wa za a gaya wa wannan maganar? Ni ce uwarta!

Saboda haushi ban koma ranar da ta ce in koma ba. Wata mai kawo mini ɗinki ta ce akwai wani mai gyaran irin wannan a wani ɗan asibiti, ba jira, zai buɗe ƙasan ya yanke abin da ya yi yawa ya shimfiɗe. Na ce zan je mako mai zuwa. Kafin nan ina tunanin ɗumama tsumma da dutsen guga in riƙa dannawa ko tattarar za ta kwanta. Maigida bai gani ba har yau, kullum sai in ce wurin na ciwo. Yayarsa ce ta ƙi abin tun farko, in ta ji an ɓata ni, na shiga uku da gori. Shi kuwa bawan Allah shi ke girki, shi ke kai yara makaranta, yana ta tambaya ko lafiya. In je a gyara tun ɗinkin yana ɗanye, ko yaya zan yi?

Taki, Tela Mai Ɓoyon Ɗinki

'Yar nan, kafin komai ajiye dutsen gugar nan. Kai shi ɗakin maƙwabta in ta kama. Fatar wurin ba ta jin zafi yadda ya kamata a yanzu, za ki gasa kanki ba ki sani ba sai kin ji ƙauri.

Na yi dariya har tabarau ya zame mini, amma ban raina tsoronki ba. Ni ba likita ba ce, karatuna bai wuce na karanta wasiƙa da takardar magani ba. Sai dai ina da jika mai aikin jinya a ɗakin tiyata. Na kira ta, na tsare ta da tambaya har shayinta ya huce, ga abin da na kwaso miki.

Tattarar nan da gangan aka yi ta. Ke ce tela, kin fi ni ganewa. Bayan an ɗebe nama, fatar da ta rage ta fi wurin yawa. Ko dai a yanke ta a gicciye a bar miki dogon tabo a ƙarƙashi, ko a tattara ta a kan layi ɗaya a bar ta ta tsuke da kanta. Likitarki ta zaɓi na biyun, kuma a kansa kuka yi shawara. Hawan da nonon suka yi sama shi ma da gangan ne, don nauyinsu zai sauko da su a hankali su cika ƙasan da kike gani a shafe. Kumburi kuma ba ya sauka rana ɗaya a gefe biyu. Jikata ta ce sai an ba su wata uku zuwa shida kafin su zauna, tabon kuwa yakan kai shekara ko fiye yana dushewa.

Kin tuna mini da maigidana, Allah ya jiƙansa. Ranar da na haifi ɗanmu na fari, ya shigo ya ga kan yaron ya yi tsini kamar mazurari. Nan take ya zura takalmi, wai zai je ya ci mutuncin ungozoma, ta ja masa kan ɗa ta lalata. Da ƙyar uwarsa ta riƙe masa riga. Kafin ya huce daga fushin, kan ya zauna zagaye sumul. Yau ɗan nan shi ne mai ƙaton kan da ba a samun hularsa a kasuwa sai an ba da aiki. Da an bar uban ya gyara da hannunsa, ban san abin da za mu sa wa hula ba.

Ban ce idonki ƙarya yake yi ba. Akwai waɗanda tattararsu ba ta gama kwanciya, ta bar 'yar fata a tsaye kamar kunne a ƙasa. Wannan ana gyara shi da ɗan ƙaramin aiki, amma sai bayan komai ya lafa, wata shida ko shekara, kuma wadda ta yi aikin ita ta san inda ta bi. Jin kan nono yakan dawo sannu a hankali, wasu kuma ba ya dawo musu duka, wannan ki tambaye ta kai tsaye. Tabo ba zai ɓace ba, dushewa zai yi. Amma mutumin da zai farke ɗanyen ɗinki mako mai zuwa, bai san ta inda jini ke bi zuwa kan nononki ba, ki gode wa mai kawo ɗinkin, ki ce kin fasa. Ke kanki kin san yadda yadi ke komawa in an farke shi sau biyu.

Ki koma wurin likitarki, kar ki bari mako ya fita. Ki gaya mata maganar in an wanke zai zauna, na tabbata za ta yi dariya. Ki roƙe ta ta nuna miki hotunan irin aikin nan a watan farko da kuma bayan ya zauna, tela ba ta yarda sai ta ga samfuri. Ki ci gaba da sa rigar maman da suka ba ki, ban da ɗaga kaya mai nauyi, keke kuma sai ta ba ki izini. In kin ji zazzaɓi, ko kin ga ruwa mai wari, ko ɗinkin ya buɗe, ko gefe ɗaya ya kumbura farat ɗaya, ko kan nonon ya sake launi, to wannan ba na jira ba ne, ki nufi asibiti a ranar.

Sai maganar maigida. Mutumin da ya yi wata guda yana ƙona tukunya saboda ke, kina tsammanin tattara ce za ta kore shi? Ɓoyon da kike yi ya fi tayar masa da hankali, yana can yana zaton wani mugun abu ne. Ki nuna masa, ki ja shi ku je wurin likitar tare. Yayarsa kuwa ki gaishe ta da ladabi, ki bar ta da ra'ayinta, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba kafaɗarta ce ta yi rami ba.

Allah ya ƙara sauƙi, jikata, ya sa ki daɗe kina gaisawa da yatsun ƙafarki. In kin warke ki ɗinka wa kanki riga da awon mutum ɗaya, ni ma ki ɗinka mini tawa, kuma in wuyan ya karkace kar ki kuskura ki ce mini in an wanke zai zauna.

Yadin nan kuwa, jikokina, fatar mutum ce. Likita ta yi nata rabin, fatar tana kan nata.