Na kore wa ƙanina aljani, na bar shi da kansa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma wanda zai ce in yi haƙuri ya riƙe abinsa, ina da shi jibge a gida.

Ni malama ce, saikoloji, wato ilimin halayyar ɗan Adam, nake koyarwa a wata makarantar kuɗi a Gwarinpa. Ƙanina, autanmu, yana aiki a wata ma'aikatar tarayya, likita ya tabbatar yana da schizophrenia. Murya yake ji a kunnensa, kuma muryar ba ta da sana'a sai zagin Ummanmu, zagin da ba zan iya rubutawa ba. Ni kaɗai ya faɗa wa abin da take cewa. Shi da duk gidan sun tafi a kan aljani ne, saboda haka da ta fara sai ya ruga wajen Umma, ƙato da gemunsa, ya ɗora kai a cinyarta ya ce Umma ga shi nan ya dawo, ita kuma ta yi ta tofa masa addu'a, ta miƙa masa maganin asibiti ya sha.

Sai Kawu, yayan Umma, ya kawo tasa hikimar, wai in dai aljani ne me ya haɗa shi da ƙwaya, a kai yaro wajen wani mai ruƙiyya a Yangoji, wanda sharaɗinsa na farko shi ne a zubar da maganin likita. Na san abin da barin maganin zai jawo, shi ya sa na zaunar da Auta na yi masa darasin da nake yi wa ɗalibaina. Na ce kowa yana magana a zuci, ƙwaƙwalwa ce ke buga wa kowane tunani hatimi cewa naka ne, kamar takardar ofis, tasa kuma wani lokaci hatimin ba ya hawa, sai tunanin ya iso masa kamar baƙo daga waje. Har misali na ba shi da cakulkuli, na ce ba ka iya yi wa kanka ka yi dariya don ƙwaƙwalwarka ta san hannunka ne. Ya saurara tsaf, ya fi duk 'yan ajina natsuwa, sannan ya ce, "Yaya, ke nan ni ne nake zagin Umma?"

Na ce tunani daban, niyya daban, ko waswasi ba a rubuta wa mutum zunubinsa. Ya ce ai waswasi daga Shaiɗan yake, ke kuma kin ce babu kowa a wurin sai ni. Duk littattafan da na karanta babu wanda ya tanadi wannan tambayar.

A satin ya kwashe kayansa ya kama ɗaki a Mpape, can saman dutse inda mota ba ta kaiwa. Yana zuwa aiki, yana shan maganinsa, don ya yarda da ni gaba ɗaya, abin da ɗalibaina ba su taɓa yi ba. Amma ba ya ɗaga wayar Umma, in ta aika da abinci kular takan dawo a rufe, wai ɗan da ke zagin uwarsa bai cancanci tuwonta ba. Umma ba ta san dalili ba, ta rame, kullum tambayarta ɗaya, ke me kika faɗa masa? Kawu kuwa ya samu abin faɗa a kowane taron suna, wai boko ya raba ɗa da uwa, har oga malama yake kirana. Likita ya ce irin wannan sai a hankali, da zaman tattaunawa, Auta kuma ya ce ya gama fahimta, me za a tattauna.

Yanzu ya ba ni sharaɗi, zai dawo gida in na rantse masa cewa ba shi ba ne. In na ce aljani ne, zai dawo cinyar Umma, amma motar Kawu a shirye take, Yangoji za a yi, magani ya tafi kwata. In na tsaya a kan abin da na sani, magani yana nan, uwa da ɗa kuma kowa yana ramewa a nasa ɗakin.

Masu ilimin addini da ma'aikatan lafiya na cikinku, da ku nake. Ranar Asabar zan hau dutsen nan da kular Umma a hannu. In ya buɗe ƙofa ya sake tambayata wa ke zagin Umma, me zan ce masa?