Ba Wanda Ya Gaya wa Sakatare

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Tela maƙwabcina ne ke rubuta wannan. Na ce masa ya sa magana yadda ta fito daga bakina, kada ya yi mata kwalliya.

Kin aiko direba yana tambaya ko lafiya wayata take a kashe. Lafiyata ƙalau. Ni na kashe ta, na tura ƙarƙashin katifa, ba na son ganinta.

Kin san tun da aka rufe masaƙa ni ke riƙe da mutanenmu. Gadi na yi, ko sunana ban iya rubutawa ba, amma duk wanda ya taɓa shiga ƙofar nan na san gidansa, na san wa ya haihu, wa ya rasu. Shi ya sa suka laƙaba mini Sakatare. Da yaranmu suka buɗe zaure a waya suka ce nan za a riƙa sanarwa, ban yi musu ba, tunda ana jin murya.

To an kwana biyu manhajar zauren ta daina buɗewa. Mai gyara ya jujjuya wayar ya ce, "Baba, ba abin da ya same ta, kamfani ne ya ce ta tsufa." Na ce to ni ma na tsufa, su zo su rufe ni. Waya tana kira, tana amsawa, ko tsaga babu a jikinta, wai ta tsufa! Ka je asibiti a ce sauke manhaja, ka je wurin fansho a ce sauke manhaja. Ban gaya miki ba don na san za ki ce ai kin faɗa.

Ranar Talata na ga Dogo direban masaƙarmu ya yi shiru da yawa, na kira shi. Matarsa ta ɗauka. Na ce, "Ba ni raggon nan. Ko ya mutu ne bai gaya mini ba?" Wasanmu ke nan shekara da shekaru, shi ma haka yake ce mini. Na ƙara da cewa, har da dariyata, "Ki ce masa Sakatare bai ba shi izinin mutuwa ba." Sai ta kashe.

Da yamma na haɗu da ɗan tsohon makanikenmu a bakin titi, yake ce mini bai gan ni wurin jana'iza ba. Auta, lokacin da nake wannan dariyar, an riga an kai Dogo makwancinsa tun makon da ya wuce.

Ban je gidan ba. Da wace fuska zan shiga? Kada ki wahalar da kanki da kira, ba zan kunna ba.

Ki gaida yara.
Mahaifinki.

*

Zuwa ga Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, Allah ya ƙara lafiya. Allah ya jiƙan Baba Dogo, ya ba mu haƙuri.

Baba, na karanta takardarka a wurin aiki, sai da na tashi na shiga bayan gida na wanke fuskata. Ni na ga sanarwar a zauren ranar da aka yi rasuwar. Na ɗauki waya zan kira ka, sai na ce wa zai gaya wa Baba mutuwar Dogo? Ai shi zai gaya mana. Na tambayi biyu daga cikin yaran zauren, su ma abin da suka ce ke nan. Kowa ya ɗauka kai ka fara ji. In akwai kunya, ba kai kaɗai za ka ɗauke ta ba.

Ga sabuwar waya nan na ba direba. Na san za ka ce ba ka so. Ka karɓa don Allah. Tsohuwar kuma kada ka bari kowa ya goge ta. An ce mini saƙonnin muryar da Baba Dogo ya riƙa turo maka suna nan a ciki, ana iya ciro su.

In ƙafarka ta ƙi zuwa gidan, ka aika da takarda. Shirun nan ya fi maganar ciwo.

Taka 'yar,
Auta.

*

Zuwa ga uwargidan Dogo,

Assalamu alaikum. Ina yi miki gaisuwar rashi, ke da yara. Allah ya gafarta masa, ya sa ya huta.

Ni ne wanda ya kira ranar Talata. Tela ya ce in fara da bayanin waya, na ce a'a, waya ba ta da baki, ni na yi magana. Wallahi ban ji rasuwar ba. Amma da na gaya wa mutane tun farko cewa zauren ya rufe mini, da an kira ni. Girman kai ya hana. Ban so a ce Sakatare ne ake ba labari.

Auta ta aiko da sabuwa. Tana nan cikin kwali a kan teburin tela, sumul kamar faranti, ba maɓalli ko ɗaya da yatsa zai gane. Zan koya, ko da jikokina za su yi mini dariya.

A tsohuwar akwai muryarsa. Yawanci zagina yake yi, akwai kuma inda yake ba da labarin ranar da ya shigo da babbar mota da baya ya tafi da rabin ƙofata, ya ce ƙofar ce ta matso. In kina so, a ciro a ba yara. In ba kya son jin sunana ma, na gane, ba zan ga laifinki ba.

Ki yafe mini.
Mai gadi.

*

Sakatare,

Wa alaikas salam. Na ga saƙo, na gode.

Ba fushi ya sa na kashe ba. Tun da aka fita da shi, kowa "marigayi" yake cewa. Kai ka ce in ba ka shi, sai na juya zan miƙa masa.

Muryar ina so.

Mutanen masaƙa 'yan kaɗan ne suka zo. Da na zaci sun manta da shi ne, yanzu na gane wayoyinsu irin taka ce. Ba wanda ya san gidajensu sai kai. Jiya ma mai dafa muku shayi ya kira, yana tambaya ko Dogo ya samu sauƙi.

Ka bar kwalin nan tukuna, ka sa takalmi. Ka fara biyowa ta nan.

Uwar yaran Dogo.