Abin da Na Rubuta a Ƙarƙashin Kujeru

Ni mahaifinku, tsohon kafinta, na rubuta wannan da hannuna, cikin hankalina, da sunan Yesu Almasihu. Ƙafafu ne suka yi murabus, kai kam yana nan daram. Likita ya yi ta kwana-kwana, amma kafinta ya san katakon da ya gama aikinsa. Raina a kwance yake.

1. Gidan nan naku ne, ku uku. Kada a sayar muddin gwaggonku tana da rai, ɗakin bakin ƙofa nata ne.

2. Nas, 'yata, ki ɗauki littafin waƙoƙin coci na marigayiya mahaifiyarku. Ke kika gaji muryarta, kika haɗa da faɗanta.

3. Kayan aikina na Auta ne, ban da gudumar nan mai ƙonanniyar ƙota. Ita ta Manaja ce, babban ɗana. Na san kamfaninka cike yake da injuna, amma ka saurari dalili.

Shekarar da aka haife ka na sami kwangilar kujerun makaranta ɗari biyu. Kaina ya kumbura, har Lahadi a shago nake wuni. Saura kwana uku in kai kaya, wuta ta tashi. Gudumar nan kaɗai na tsinta cikin toka. Sati biyu ina zaune ina yi wa Allah ƙorafi, har mahaifiyarku ta gaji ta ce mini ya isa haka. Da ta ga na ɗaure fuska, sai ta ƙara da cewa alherin Ubangiji ya isa, da shago ko ba shago. Na tashi na harhaɗa 'yar kujera da guntayen katako, na kifa ta, na rubuta “Ya isa” da fensir. Tun daga ranar ban fitar da kujera ko tebur ba sai da wannan rubutu a ƙarƙashi, kuma ba ku taɓa kwana da yunwa ba.

Kai kuwa, Manaja, ka ɗauka kirari nake yi wa kaina, wai kafinta ya isa. Ka sa wa kamfaninka suna “Ya Isa” da manyan haruffa masu ruwan zinariya. Ranar da na gani na yi dariya, daga baya na ji kunya, don laifina ne da ban taɓa bayyana maka ba. Ina murna da arzikinka, ɗana. Sai dai ba mu ne muka isa ba, Shi ne. Ka rataye gudumar inda za ka riƙa ganinta.

4. Manaja, shekara uku ke nan kai da Auta ba ku gaisawa, tun da ya ƙi yi maka aiki da ɗanyen katako ya bar kamfanin. A coci wannan na benci na gaba, wancan na bakin ƙofa, alhali ni na ƙera bencinan biyu. Wannan ne kaɗai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Auta ya yi gaskiya kan katakon. Amma Auta, gaskiyarka ta sa maka girman kai, kuma gara ba ta tambayar wane ne mai gaskiya kafin ta ci gida.

5. Akwatin gawata yana bayan shago, ni na yi shi. Murfin ne na bari da gangan: allo biyu ne, ba su haɗuwa sai wani ya riƙe wani ya buga. Kada a kira wani kafinta. Manaja ya buga da gudumarsa, Auta ya riƙe. Nas, ki tsaya a kansu, faɗan nan naki zai yi rana.

Ubangiji ya sa muku albarka, ku da 'ya'yanku, ya ba ku abincin yau da kwanciyar rai. Ku riƙe juna, ku riƙa cin abinci tebur ɗaya. Fensir yana cikin akwatin. Akwatin nan kaɗai ne aikina da ban rubuta komai a ƙarƙashinsa ba. In kun gama murfin, ku kifa shi ku rubuta “Ya isa”, Manaja kalma ɗaya, Auta kalma ɗaya.