Hular Shef

Litinin, 7 ga Oktoba, 1996

Zuwa ga Madam Perpetua, mai gidan abinci na titin High Point Road a nan Amurka, da duk wanda Allah ya ɗora bisa kaina. Ba za ku karanta ba, amma ladabi wajibi ne. Ni Maazou, mutumin Maraɗi, da hannuna nake rubutu, kamar yadda Malam Uzairu ɗalibin jami'a ya koya mini. Yau Madam ta sa mini farar hula, ta ce ni ne shef. A ƙasarmu shef shi ne shugaba. Na karɓi amanar.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na umarci Assibi, ƙaton nan mutumin Gana da ya daɗe a kicin, ya goge ƙasa. Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Baba, a Amurka shef mai dafa shinkafa ne. Je ka yanka albasa."

Juma'a, 11 ga Oktoba

Assibi ya fizge hular, ya share man girki da ita. Na mare shi. Ya ɗauki kasko ya sauke mini a ka, na ji ƙara kamar an buga ƙofar ƙarfe. Na cije shi a hannu sai da na ji gishirin jini. Miya ta kife, muka yi ta birgima cikinta. An ɗinke mini kai a asibiti. Madam ta ce in ba shi haƙuri ko in bar aikin.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Malam Uzairu ya zo dubiya. Ya ce shef kalma ɗaya ce: Faransawa na kiran shugaba da ita, Jamusawa ma haka, Turawan Ingila suka ba mai girki. Tushenta Latin, ma'anarta kai.

"To ga shi kan aka fasa," in ji shi.

Ban yi dariya ba. Ƙasashe biyu, Faransa da Jamus, suna goyon bayana.

Talata, 22 ga Oktoba

Na koma. Ban ba da haƙuri ba, na dai tambayi Assibi lafiyar hannunsa. Ya miƙo hular a wanke, a goge. Ba ta shiga kaina saboda bandeji.

"Shef, albasa," ya ce.

Na yanka, don dama na yi niyya.

Waɗanda suka shaida: Madam Perpetua, Ousseina mai kai abinci tebur, da Assibi kansa.