Sunan Da Atu Ta Sa Mini

Dayi,
9 ga Yuni, 1986

Zuwa ga Yayana Ishaya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kuma sanyin Ingila bai hana ka karatu ba. Mu ma muna nan lafiya. Damina ta sauka, maigidana Sanda na ta fama da shukar auduga.

Wasiƙarka ta same ni a makaranta, sau uku na karanta ta kafin a tashi. Ka ce likitocin can sun fara dasa wata 'yar na'ura a cikin kunne da ke sa kurma ya ji sauti, kuma wanda ya taɓa magana kafin ya kurmance ya fi dacewa da ita. Yaya, ka san 'yata Atu kafin sanƙarau ya kama ta bara ya kurmantar da ita: shekara huɗu, baki kamar rediyo, har roƙonta kake yi ta bar ka ka ci tuwo. Yanzu maganar tana zubewa ina kallo. Waƙoƙin coci sun tafi, sunayen ƙawayenta sun bi su.

Tunda ka ce a riƙe mata maganar bakinta kada ta ɓace kafin likita ya ba da amsa, na kafa doka a gida: ba mai yi mata magana da hannu. Tsohuwa, mahaifiyar Sanda, ta ce boko ya yi mini yawa. Na ce mata yara sittin nake koya wa karatu a aji biyu, ba zan zauna tawa ta zama bebiya ba. Kullum in na dawo sai in zaunar da Atu, in kama haɓarta in juyo da fuskarta ta kalli bakina, in ɗora hannunta a wuyana ta ji motsin murya. Tana ƙoƙari, Allah ya sani.

Don Allah ka matsa wa likitan nan. Kowa na gaishe ka.

Ni ce ƙanwarka,
Dinatu

Dayi,
16 ga Nuwamba, 1986

Yaya Ishaya,

Bayan gaisuwa, ina fatan murar da ka ambata ta sake ka. An fara tsinkar auduga, bana ba laifi.

Ga kaset ɗin da likita ya nema, na ba wani ɗalibi mai zuwa can ya kawo maka. Rikodar hedimastanmu, Malam Abdussamad, na aro. Da na gama ɗauka sai na kunna in ji, kuma da ma ban kunna ba. Ashe duk watannin nan ni ce nake cika mata kalmomin a raina. A kaset ba fuska, ba ido, sai murya kawai, kuma ni da na haife ta ban gane ko rabin abin da ta faɗa ba. Malam Abdussamad da ke zaune muna saurare tare ya tashi ya ce zai duba 'yan aji shida, alhali ranar Asabar ce.

Rubutu kuwa tana kwafa tsaf, hannunta ya fi na 'yan ajina kyau, amma in ka cire sunanta ba ta san abin da take zanawa ba.

Akwai abin da zan gaya maka, kada ka gaya wa kowa. Shekaranjiya na shigo na tarar da ita da Tsohuwa suna ɓare gyaɗa, hannuwa na ta tashi, Atu na dariya har da faɗuwa. Rabona da jin dariyar nan tun kafin ciwon. Tana ganina ta cusa hannuwanta ƙarƙashin cinyoyinta. Na zaro su na buga. Ba da ƙarfi ba, amma na buga. Ba ta yi kuka ba, sai ta ɗago haɓarta ta miƙo mini, tana jiran darasi.

Yaya, in aikin nan zai yiwu, to duk wannan ba a banza ba. In ba zai yiwu ba, ban san me na yi wa yarinyar nan ba. Ka sa mu cikin addu'a.

Taka,
Dinatu

Dayi,
5 ga Afrilu, 1987

Yayana,

Ina gaishe ka, ina kuma gode maka da ba ka ɓoye mini ba. Na fahimta: yara kaɗan ake gwadawa, ba sa karɓar na wata ƙasa, kuma ko an dasa sai an yi shekaru ana koya mata ji mako-mako, a wurin da ba mai jin Hausa. Kada ka zargi kanka. Sanda ya karanta, ya ninke takardar, ya tafi Funtua.

Kalmar "Mama" ita ce ta rage mata, ita ma tun Kirsimeti ban ƙara jin ta ba.

Jiya na ajiye girman malanta na je ɗakin Tsohuwa, na durƙusa na ce ta koya mini. Ba ta yi mini gori ba, Allah ya saka mata. Ashe su biyu sun gina magana mai yawa a bayan idona: ruwa, yunwa, kasuwar Malumfashi, har da tsegumi. Kowa da sunansa. Sanda, yatsu masu tsinkar auduga. Kai kuma, hannu mai tashi sama kamar jirgi. Na yi dariya, na tambayi nawa. Tsohuwa ta yi ta kame-kame, ta ce rana ta yi, ta ce akuya ta kwance. Da na nace sai ta kira Atu, ta nuna ni, ta tambaye ta wace ce wannan.

Atu ta kama haɓarta da ƙarfi, ta fizge fuskarta gefe.

Ba da fushi ta yi ba, Yaya, har murmushi take yi. Sunana ke nan a wurinta. Tsohuwa ta ce kowa a gidan ya san shi tun bara, ni kaɗai ce ban sani ba. Na roƙe ta ta sa yarinyar ta canza, ta ce, "'Yata, ba ni na raɗa ba."

In Allah ya dawo da kai lafiya ka ga ta yi haka, kada ka tambaya. Ni take nema.

Sanda da Tsohuwa na gaishe ka. Na nuna wa Atu hotonka, ta ɗaga hannu sama.

Ni ce ƙanwarka,
Dinatu