An Manna Jinina a Ƙarƙashin Kowane Imel

Salama gare ku mutanen wannan zaure. Admin, don girman Allah ka ɓoye sunana da hotona, domin maganar suna da hoto ce ma ta kawo ni nan. Don Allah ku ba ni shawara, in kuma kun ji na yi zafi ku yi haƙuri, raina a ɓace yake.

Ni matar aure ce a Kafanchan, ina da ɗan shagon kwamfuta inda nake taifin da fotokofi. Yawancin masu zuwa wurina ba su da imel, ko sun manta lambar sirrinsu, sai in tura musu takardunsu da nawa, takardar neman aiki ce, sakamakon jarrabawa ne, rahoton coci ne, duk ta imel ɗina suke fita. Ban da wannan ina cikin wata ƙungiyar sa kai ta masu ba da jini. Ba a biyan kowa ko sisi, kuma da ni aka kafa ta tun muna zama a kan benci a bayan wani kemis. Jinina O negatif ne, ku tambayi ma'aikatan lab masu gwajin jini su gaya muku wahalar samunsa. A da sakatare kaɗai ya san rukunin jinin kowa. In asibiti ya nema shi zai kira ka a asirce, in ka ce ba hali ya kira wani, magana ta mutu a nan.

Sai Ciyaman ɗinmu ya kwaso ƙanin matarsa, bari in kira shi Gideon, ya naɗa shi mai yaɗa labarai, mutumin da ko allura ya gani sai ya kau da kai, bai taɓa ba da jini ba. Ya je wani wokshop, wato taron bita, a Abuja ya dawo da jaka mai tambari da Turanci ta hanci, ya ce babu mai tallafa mana sai an ga muna da tsari. Tsarin kuwa shi ne siginecha, wato ɗan rubutun nan da ke fita da kansa a ƙasan kowane imel. Wanda ya tsara mana ya haɗa suna, da hoto cikin jar riga, da lambar waya, da tambarin ƙungiya, sannan ƙaton ɗigon jini da rukunin jinin mutum a ciki, a ƙasa an rubuta "Kira ni kowane lokaci". Tunda ƙungiya ba ta da imel nata, sai a saka shi a kan namu na kanmu. Na ɗaga hannu a mitin na ce jinin mutum sirrinsa ne, kuma ni da imel ɗina nake cin abinci. Ciyaman ya ce, "Madam, mai aikin Allah ba ya ɓuya." Aka tafa masa, aka mai da shi doka, wanda ya cire a dakatar da shi. Nan take Gideon ya bi layi yana karɓar wayoyi yana sakawa.

Me kuke tsammani ya faru? Kowace takarda na tura wa kwastoma, fuskata da jinina suna biye da ita. Wani ya ɗauki hoton abin ya zuba a wasap, ya shiga gurup ɗin zumuntar mata ta cocinmu, ya shiga na tsofaffin ɗalibai, har daga Fadan Kaje da Kajuru ake kirana. Babu mai bi ta wurin sakatare kuma. Wani ya kira ya tambaye ni nawa nake sayar da leda ɗaya. Wani ɗan iska ya ce shi ba jini yake so ba, hoton ne ya yi masa. Na kai ƙara, Gideon ya ce ai wannan shi ne alamar abin yana aiki. Duk da haka na daure, har akwai wata matar makiyayi daga wajen Madakiya da ta zubar da jini bayan haihuwa, na je na ba ta, mijinta ya kawo mini nono da man shanu har shago. Ban yi nadama ba, kuma ba zan yi ba.

Ga abin da ba su sani ba. Na daɗe da aure babu haihuwa, ciki biyu sun zube. Na ƙarshen ma sai da na fita gaban ikilisiya da rawa na ba da shaida, aka yi guɗa, bai jima ba ya tafi. Irin kallon da na sha da maganganun da suka dawo kunnena, wai na cika baki, wai ban iya riƙe abu ba, Allah kaɗai ya sani. Ni da maigidana muka yi alkawari, in Ubangiji ya sake ba mu, ko uwar da ta haife ni ba za ta ji ba sai cikin ya nuna kansa. To yanzu ya ba mu, ƙarami ne, bai fito ba. Likita ya ce ko jarkar ruwa kada in ɗaga, balle maganar ba da jini.

Ana cikin haka 'yar wani dattijon cocinmu ta kwanta, bari in kira ta Alheri, mai sikila ce, kuma irin jinina gare ta. Yarinyar nan ni na koyar da ita a makarantar Lahadi, a kan cinyata take barci in jikinta ya motsa. Babanta ya zo shago da kansa, ga kwastomomi cike, ya miƙo mini wayarsa da hotona a kai. Ya ce, "'Yata, ga fuskanka, ga jininka, kai ka rubuta a kira ka kowane lokaci. Tashi mu je." Na ce Baba ba zan iya ba, ba ni da lafiya. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ka fi ni lafiya." Na rufe shago na yi ta buga waya, ni da sakatare, har aka samo jini daga Jos, amma ya makara, yarinyar ta sha wuya ƙwarai kafin ya iso. Ta rayu, mun gode wa Yesu.

Tun daga nan garin nan ya juya mini baya. Wai na ba Bafulatana jini na hana 'yar cocina. Wai da ma sayarwa nake yi, Baba ne bai kai farashi ba. Matan zumunta da ke kawo mini taifin sun koma wani shago, in na shiga sujada benci sai ya yi faɗi. Surukata ta kira maigidana tana kuka wai na zubar da mutuncin gidansu. Mutanen da jinina ke yawo a jikin 'yan'uwansu, su ne a gaba wajen zagi. Ran nan na zauna na goge siginechan, da hoton, da ɗigon jinin, da komai.

Ba a daɗe ba Gideon ya gano, don ya sa dokar kowa ya riƙa tura masa imel ya duba. Bai kira ni ba, sai ya rubuta a gurup ɗin ƙungiya cewa akwai mai zubar mana da suna a waje kuma tana karya doka a ciki. Na mayar masa da cewa ranar da ya miƙa hannunsa aka tsira masa allura, ranar zai yi mini maganar suna. Ciyaman ya kira ni yana faɗa, na ce masa shi da surukinsa suka rataya mini allo a wuya kamar akuyar kasuwa, su suka sa uba ya zo shagona maimakon ya bi ta sakatare, da an bi tsohuwar hanya da babu wanda zai san an ma tambaye ni. Ya ce ba na da kunya. Na ce a wurinsa na koya. Hukuncinsa shi ne ranar Asabar in zo mitin, in mayar da siginecha, in tsaya gaban kowa in faɗi dalilin da ya hana ni, in ciwo ne in kawo takardar likita a karanta. In na ƙi, za su fitar da sanarwar kora da hotona. Sakatare ya ce mini a waya gaskiya ce da ni, amma na san shi, a mitin bakinsa ba zai buɗu ba.

Maigidana ya ce in fita daga ƙungiyar, in yi shiru, masu magana su yi ta yi, shi ɗansa yake so. Ni ma shi nake so, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma in na fita shiru, na sa hannu ke nan a kan duk ƙaryar da aka yi mini. In kuma na faɗa, kafin a tashi mitin labarin ya kai kasuwa, ido ya dawo kan cikina, in wani abu ya sake faruwa ban san yadda zan ɗauka ba. Kada wani ya ce in gaya wa maman Alheri a asirce, matar nan ita ce rediyon zumunta.

Zagin manya na iya haɗiyewa. Abin da ya karya ni ya faru ranar Lahadin da ta wuce. Bayan sujada na fito, sai ga Alheri a bakin ƙofa, ta rame, idanu sun faɗa. Na ɗauka wucewa za ta yi kamar sauran. Ta tsaya ta kama gefen zanena ta ce, "Anti, me na yi maka?" Sai mamanta ta zo ta fizge hannunta.

Jama'a ku gaya mini gaskiya. In je Asabar in tona abin da ke cikina a gaban mutanen da suka jefa ni cikin wannan hali, in karya alkawarin da muka yi da mijina? Ko in riƙe bakina in tsare ɗana, in bar yarinyar nan tana ganin Antinta ta ji tana mutuwa ta ƙi zuwa?